Shekara Uku Babu Akuya a Kwari

Kwarin Magiya yana cikin ƙasar Adar, a jihar Tawa ta Nijar. Ruwansa na damina ne kawai. Yakan taru daga tsaunukan ƙasar Buza, ya gangara kudu maso yamma ta wajen Ƙonni, ya tsallaka iyaka ya zube a tafkin Kalmalo. Ƙasar cikin kwarin mai albarka ce, ruwa kuma ba shi da zurfi a ƙarƙashinta, shi ya sa tun da can jama'a suka yi mata yawa. Aka yi ta sassabe ana ƙara gonakin hatsi da dawa da auduga, mata na neman itacen girki, sannan fari ya zo ya zauna daga 1968 har 1974. Kafin ya ɗaga, kwarin ya zama fili fetal, iska na shiga ta wannan baki ta fita ta wancan, ba abin da ke tare ta.

Wanda bai yi noma a irin wannan wuri ba zai ɗauka rashin ruwa ne kaɗai ke kashe shuka. Iska ma tana kashewa, kuma nata ya fi ciwo, domin a gaban idonka take yi. An yi ruwan farko, maigida ya fita da sungumi yana sara, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Bayan 'yan kwanaki hatsi ya leƙo, ganye biyu sirara. Sai hadari ya haɗu a gabas, iska ta riga ruwa isowa, ta kwaso rairayi tana zabga wa tsiron har ya ƙone, wanda ya tsira kuma ta binne shi. Da safe mutum ya zo gona ya rasa inda layin shukarsa yake. Ya koma rumbu ya ɗebo daga abin da aka ajiye domin tuwo, ya sake shukawa. Wata shekarar sai an yi haka sau biyu ko uku, ga damina gajera, kowace sabuwar shuka tana cin kwanakin da hatsi yake bukata kafin ya nuna. Da rani kuma iskar hunturu ta kwashe ƙasar sama mai taki ta yi gaba da ita.

Ana cikin wannan hali ne ma'aikacin gandun daji mai kula da ƙasar Buza, Dauda Adamu, ya ƙudura cewa sai an tare iskar nan. Shi da wani Ba'amurke ɗan sa-kai na Peace Corps, Don Atkinson-Adams, suka nemi ƙungiyar CARE ta ɗauki nauyin dasa shingayen itatuwa a kwarin. CARE ta amsa. A daminar 1975 aka dasa layukan farko a wajen Garadume.

Dabarar ba ta da ɗaurin kai. Ana dasa bedi, wato darbejiya, jeri biyu, mita 4 tsakanin itace da itace, a gicciye wa hanyar iska. Daga wannan shinge zuwa na gaba mita 100. Da dalili aka tsaya a kan ɗarin: shingen itace yana karya ƙarfin iska har nisan da ya kai tsayinsa sau goma, bedi kuwa in ya samu ruwa a ƙasa yakan kai mita 10. Kilomita ɗaya na shinge yana cin itace wajen 500, yana kare gona hekta 10. Bedi baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, amma yana da saurin girma, yana riƙe ganyensa da rani, saiwarsa kuma tana nitsewa ta nemo ruwa. Ma'aikatan gandun daji ne ke renon dashe a leda, su fitar da layi. Mutanen gari su haƙa rami su dasa. Zamanin Seyni Kunce ne, lokacin da samariya ke da ƙarfi, tara samari aikin gayya ba ya ba kowa wahala. Layin kuwa miƙewa yake yi sambal, ya ratsa gonar mai gari ya ratsa ta talaka, bai san gonar wane ba.

Ranar dashe ita ce mafi sauƙi a cikin labarin nan duka. Kowa a Nijar ya san 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai wadda ta zama ranar dashen itace. Manya su zo da manyan riguna, a tona rami, a zuba ruwa, a tafa. Koma wurin bayan wata bakwai, sau da yawa ramin kawai za ka tarar. Waɗanda suka dasa da gaske suke, zuciyarsu ɗaya, sai dai sun watse ba su bar wa dashen kowa ba. Abin da ya raba Magiya da irin waɗannan wurare shi ne, tun ana cikin lemar Agusta an yi tunanin bazara.

In bazara ta yi, babu ɗanyen ganye a kwari sai na dashen. Bedi yana da ɗaci, amma akuya da raƙumi in yunwa ta kai musu ko'ina ba sa tambayar ɗaci. Dashe mai tsayin gwiwa, cizo biyu ya gama da shi. Ga kuma al'adar da kowa ya taso ya tarar: da an kwashe amfani sai a saki gonaki, dabbobi su shiga su ci kara da abin da ya zube, su bar wa manomi taki. Wannan yarjejeniya ta girmi duk wanda yake raye a kwarin. Domin dashe ya rayu, sai da aka dakatar da ita. Aka hana dabba shiga yankin da aka dasa har sai itatuwan sun fi ƙarfin baki, wajen shekara uku ke nan. Aka ɗauki masu gadi ana biyansu. Dabbar da aka kama a ciki, mai ita ya biya tara.

Ka ɗauka kai ne mai gadin, kuma ɗan garin ne kai. Da hantsi ka hango awaki uku a cikin layi, ka ruga ka tare su, ka duba shaidar kunnensu, ashe na ƙanin mahaifiyarka ne. Da yamma ga shi ya zo ya same ka a ƙofar gida. "Haba ɗana, dabba ce fa, me ta sani? Itace nawa ta ci?" Kai kuma kanka a ƙasa, ka durƙusa: "Kawu, ka yi mini haƙuri. In na saki naka yau, gobe da wane baki zan kama na wani?" Duk wanda ya taɓa riƙe amanar jama'a a garinsu ya san irin wannan maraice. Haƙa rami aikin yini ɗaya ne. Amsa wa kawu haka, rani bayan rani, shi ne aikin da ya tsayar da itatuwan.

Muna yawan cewa wane yana da kamun kai, wane ba shi da shi, kamar da shi ake haihuwar mutum. Ni ban ga alamar mutanen Magiya sun fi na sauran kwaruruka haƙuri ba. Manomin da ya haƙa rami da hannunsa a damina, shi ne dai mai akuyar da ke kukan yunwa a bazara. Mutum ɗaya ne da bukata biyu, ta yau da ta shekara goma masu zuwa. In aka bar su su kara, ta yau ce ke kayarwa kullum, domin ita ce a tsakar gida tana kuka, ɗayar kuwa ko murya ba ta da ita. Abin da aka yi a Magiya shi ne an ciro alkawarin daga cikin zuciya, inda ba mai ganinsa, aka miƙa shi ga mutum mai sanda da albashi, aka sa masa awo da wa'adi da tara. Daga nan saɓa shi ya zama abin da gari zai ji.

Matan Hausa sun riga kowa sanin wannan. Wadda take son tara kuɗi takan shiga adashi, domin ta san abin da ta ƙulle a bakin zane ba zai kwana bakwai ba, amma kunyar uwar adashi za ta sa ta zuba ko da ta kwana da yunwa. A kan wannan tushe CARE ɗin nan ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991: taro kowane mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa, wadda ta makara ta biya tara. Tsarin ya fita daga Nijar ya zagaye ƙasashen Afirka da dama. Babu macen da aka tilasta wa shiga. Da ƙafarta take zuwa ta ba wasu makullin kuɗinta, tun ranar da take da ƙarfin zuciya, saboda ranar da ta san ba za ta same shi ba.

Sai dai gadin Magiya akwai waɗanda suka biya kuɗinsa da fatarsu, kuma zalunci ne a ba da labarin a tsallake su. Akuya da tunkiya dukiyar mace ce a ƙasar Hausa, su ne asusunta na ciwo da biki da kayan ɗakin 'yarta. Da aka rufe kwari, dole ta ɗaure su a gida ta fita nemo musu abinci, ko ta kai su kasuwa. Sannan ga makiyaya, Fulani da Abzinawa. Ƙasar Madawa, kusa da kwarin, mazaunin Abzinawan Kel Geres ce tun ƙarni na 18, Azarori na cikin manyan wuraren zamansu, mutanen raƙuma ne da fataucin gishiri. Ga makiyayi a wannan yanki, kwari da rani shi ne abin da ke raba garkensa da mutuwa. Inda aka dasa shinge an rufe masa ƙofa saboda amfanin da wani zai girba. Binciken da CARE ta sa aka yi a tsakiyar shekarun 1980 ya tarar yawancin manoma suna son shingayen, ya kuma tarar makiyaya da mata masu ƙananan dabbobi sun cutu. Ko a cikin manoman ma rabon bai zo daidai ba. Wanda layi ya ratsa gonarsa, inuwa da saiwa sun cinye masa wani yanki, maƙwabcinsa na bayan shinge kuwa ya sha kariya bai rasa ko taki ɗaya ba.

Wannan ya kamata ya tsaya wa duk mai ɗaukar ƙuduri a rai. Magidancin da ya ce zai tara kuɗin fili, sau da yawa tukunyar matarsa ce ke raguwa. Wanda ya koma makaranta da girma, wani ne ke tsare masa shago. Ana yaba wa mai ƙudurin, a manta da wanda aka ɗaure wa akuya.

A 1980 wata ɗaliba 'yar Holan, Els Bognetteau-Verlinden, ta auna hatsin da aka girba a bayan shingayen farko ta gwada da na fili. Ta samu ƙarin kashi 23 cikin ɗari, bayan an cire ƙasar da itatuwan suka ci. Awon da aka sake yi a tsakiyar shekarun 1980 bai kai haka ba, ya tsaya wajen kashi 15 ko sama kaɗan. Ga mai zaman ofis wannan ƙaramar lamba ce. Ga magidancin da ya saba ɗaure dami ɗari, ƙarin dami goma sha biyar ko ashirin shi ne abincin kwanakin nan na tsakiyar damina da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, ga noma yana neman ƙarfi. Kuma a lura, shekara biyar cur aka yi ana dasawa ana gadi kafin a samu wannan shaida a takarda.

Sai 1984 ta zo da farin da ya fi na baya tsanani a wurare da yawa. Gwamnatin Buhari a Najeriya ta rufe iyakarta a shekarar, hatsi ya daina ƙetarowa, shi ya sa mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Maza suka watse neman abinci, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Irin wannan shekara ce ke binne ayyuka, kuma da an bari ba wanda zai ga laifin kowa. A Magiya ba a bari ba. Zuwa ƙarshen 1988 an dasa shinge mai tsawon kilomita 463, yana kare gonaki fiye da hekta 4,600. In ka raba wannan da damina goma sha huɗu, kilomita 33 ne kowace shekara. Babu shekara ɗaya da za ka nuna ka ce ga abin mamaki. Ana dai dawowa ne kowace damina a ɗora daga inda aka tsaya. A hanya kuma an gyara abin da ya bayyana kuskure ne: bedi in ya girma gindinsa yakan zama tsirara, iska ta bi ta ƙarƙashi, sai aka fara haɗa shi da bagaruwa mai ƙaya domin ta toshe ƙasa.

A shekarar ta 1984, cikin watan Mayu, gwamnati ta tara masana da shugabanni a Maradi kan yaƙi da hamada. A shekarar ne kuma aka fara babban aikin Keita, maƙwabciyar Buza, da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, ana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutse a ka, suka fasa fako da diga, suka jera kunyoyin tare ruwa a kan tuddai. Cikin shekara ashirin an farfaɗo da ƙasa wajen hekta 34,000, an dasa itace kusan miliyan 18. Aikin Keita ya fi na Magiya girma da kuɗi da injuna nesa ba kusa ba, amma can ma da awo ake aiki, kuma akwai mai rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Duk da haka akwai abin da gadi bai iya yi ba, kuma a nan labarin ya fi koya mini abu. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa itatuwa da yawa a hannun hukuma. A lokacin, in manomi ya sare reshe a gonarsa ta gado ba da izini ba, ana iya cin sa tara. Don haka ko da bedin Magiya ya yi tsawo ya yi inuwa, mutane da yawa a kwarin suna ganinsa itacen gwamnati ne da aka ajiye a gonarsu. Sun bar shi ya rayu, sun ji daɗin kariyarsa, amma tsarin bai bazu da kansa daga gari zuwa gari ba. Inda aikin ya kai, nan shinge ya tsaya. Wani ɓangare na dalilin a fili yake, shinge yana ratsa gonakin mutum da yawa, mutum ɗaya ba ya iya yin sa. Ɗaya ɓangaren kuwa, ba wanda ke zuba guminsa shekara goma a kan abin da bai tabbata nasa ba ne.

Dubi abin da ya faru a Maradi a daidai lokacin. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aiki da mishan, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Ba a bukatar leda ko ban-ruwa. Manomi ya zaɓi toho ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi ya bari, ya datse saura, ya hana hannunsa sare su. Da farko kaɗan ne suka yarda, ana yi musu dariya wai gonarsu ta yi datti. Da hukuma ta sassauta, manoma suka ga itacen da suka rena su za su sara su sayar, sai abin ya kama da kansa. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara ƙarfafa haƙƙin mai gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa sassaben zamani, kamar yadda manoma ke kiransa, ya rufe hekta miliyan 5 a Nijar da itace wajen miliyan 200. Babu ƙungiyar da za ta iya biyan masu gadin wannan fili. Mai gona ne ya zama mai gadi, shi da maƙwabtansa, domin yanzu ɓarawon itace shi yake yi wa sata.

Ba na faɗin haka don in rage wa Magiya daraja. Dashe mai tsayin gwiwa a tsakiyar garke mai yunwa ba ya rayuwa da kyakkyawar niyya, dole sai da sanda a shekarun farko. Amma sandar ta wa'adi ce. Mutumin da ya fara wani abu saboda tsoron tara ko kunyar idon jama'a, in bai kai ranar da zai ɗanɗani amfanin abin da bakinsa ba, randa mai gadi ya tashi shi ma ya tashi.

A Magiya gatari ne ya kawo wannan ɗanɗano. Da itatuwan farko suka kusa shekara goma aka fara gwajin sara, domin a ga yadda za a ci itace ba tare da an kashe shinge ba. Aka tsaya a kan sare kan bedi daga sama da tsayin mutum, a bar gangar jikin a tsaye, yadda sabon toho zai fito inda bakin akuya ba ya kai. Bedi kuwa yana son haka, 'yan shekaru kaɗan ya sake cika. Daga 1988 aka fara miƙa sara da sayarwa ga ƙungiyoyin haɗin kai na garuruwan kwarin. A ƙasar da sandar rufin ɗaki take da tsada, mata kuma suke girki da karan hatsi da kashin shanu, wannan dukiya ce ta gaske. Nan take kuma tambayar da aka daɗe ana kauce wa ta taso: wa ke da rabo? Mai gonar da ya yi asarar ƙasa, ko samarin da suka haƙa rami, ko garin duka da ya ɗaure dabbobinsa? An sha muhawara a kai, kuma muhawarar kanta alama ce cewa itacen ya tashi daga na gwamnati.

Sara kuma ya zo da nasa haƙurin, wanda ya fi na farko wuya. Ba a sare shingaye duka a shekara ɗaya, bi da bi ake yi, layin da aka taɓa bana sai ya huta wajen shekara huɗu. Ga gatari a hannu, ga mai saye a kasuwa, ga bikin ɗiya ya matso, amma yawancin layukan dole a wuce su a tsaye. Kuma ɓarnar mutum ɗaya ba a kansa take ƙarewa ba. Shinge in ya samu giɓi, iska matsewa take yi ta bi ta nan da ƙarfin da ya fi na fili, ta sauka a kan gonar da ke bakin giɓin. Wanda ya lallaɓa da dare ya sare bedi uku daga gindi, ya samu kuɗin sandunansa, maƙwabcinsa ne zai koma rumbu ya ɗebo iri karo na biyu in damina ta faɗi.